Darasi Na Tara: Ranar Haihuwar Yaro da Filin Wasansa

A darasin da ya wuce mun koyi rubuta kwanan wata: rana, wata, shekara. Yau za mu shigar da shi cikin gida.

Yaushe aka haifi autanku? Da na yi wannan tambaya a wani ajin mata, wata uwa ta ce da ni, "Malama, ai da damina ne, ranar Laraba, gero ya fara fid da kai." Ba ta manta ba ko kaɗan. Kakanninmu ma a cikin suna suke adana ranar. In ka ji Danladi ko Ladi, Lahadi aka haife su. Balarabe da Laraba, Lami da Alhamis, Jummai da Danjuma ranar Juma'a, Asabe ranar Asabar. Azumi kuwa cikin watan azumi ta zo duniya. Wannan hikima ce, kada kowa ya raina ta. Sai dai suna yana faɗin rana ko wata ne kawai, ba ya faɗin shekara, kuma shekarar ce ake tambayarmu a asibiti da makaranta.

Akwai wani abin da ke ruɗa mu. Shekarar Musulunci kwana 354 ce ko 355, ta Miladiyya kuwa 365 ce ko 366. Saboda haka azumi da Sallah suna matsowa gaba da kamar kwana 11 kowace shekara. A 2019 an fara azumi a watan Mayu, a 2025 kuma a farkon Maris. Yaron da aka ce "da azumi aka haife shi, ana tsananin zafi", nan da wasu shekaru azumin zai faɗo cikin sanyin hunturu, lissafi ya rikice. Maganin abin shi ne a rubuta duka biyun tun kafin ranar suna, kafin hidimar rago da baƙi ta ɗauke hankali.

Ga yadda ake rubutawa: 12 ga Maris, 2019. A taƙaice 12/3/2019. Lamba ta farko rana ce, ta biyu wata, ta uku shekara.

Me wannan ɗan layi yake yi wa yaro?

Allurar rigakafi da kwanan wata take tafiya. Ana yi wa jariri ta tarin fuka da ɗigon shan inna da zarar an haife shi. Ana komawa in ya yi mako 6, da mako 10, da mako 14. In ya cika wata 9 sai ta ƙyanda da ta zazzaɓin shawara, a wata 15 kuma a maimaita ta ƙyanda. Uwar da ta iya karanta katin asibiti ba ta jiran a tuna mata. Shiga firamare ma a shekara 6 ne. Ita kuwa takardar shaidar haihuwa, a Najeriya Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ce ke bayar da ita, kuma tun 1992 doka ta wajabta yi wa kowane jariri rajista. Ana samun ma'aikatanta a asibitoci da sakatariyar ƙaramar hukuma. Ko a gida aka haihu, a je a yi. In an karɓo, a sa ta a leda a ajiye a ƙasan akwati, inda ruwa da gara ba za su kai ba.

To, sai batun biki. Mu dai abin da muka gada shi ne suna ranar bakwai. Bikin zagayowar ranar haihuwa, da kek da kyandir da balan-balan, baƙo ne, ta makarantu da talabijin da waya ya shigo mana. Wasu gidaje suna yi, wasu ba sa yi saboda fahimtarsu ta addini, kuma malamai sun saɓa a kai. Wannan littafi ba zai yanke wa kowa hukunci ba, kowane gida ya bi abin da ya natsu da shi. Abin da nake roƙo shi ne kada a ci bashi saboda shi. Na ga uwar da ta ɗauki kuɗin adashinta kaf ta yi hayar kujeru da mai hoto don yaro ɗan shekara ɗaya. Yaron ya yi ta tsala kuka saboda hayaniya, ƙarshe barci ya yi a bayan yayarsa, manya suka cinye shinkafar. Bayan mako biyu zazzaɓi ya kama shi, sai da aka zaga maƙwabta neman kuɗin magani. Raina ya ɓaci ƙwarai, don ita ma ba son ranta ba ne, gudun gori ne. Daidai ruwa, daidai tsaki.

In za a tara yara, ga abin da za a kiyaye. Gyaɗa, alawa mai tauri da gurguru suna iya shaƙe ƙaramin yaron da bai iya tauna sosai ba. Balan-balan da ta fashe a tsince ta nan take, don yara suna kai ta baki. Kada a bar ashana ko kyandir mai ci a hannunsu, kuma a rufe rijiya da manyan robobin ruwa kafin su iso.

Amma ko ba a yi taro ba, akwai abin da nake so kowane gida ya riƙa yi a wannan rana, kuma ba ya cin ko kwabo. A tsayar da yaro jikin bango ba takalmi, dugadugansa su taɓa bangon. A ɗora littafi a kansa a kwance, a ja layi da alli ko gawayi, a rubuta shekarar a gefe. Baɗi a sake. Za ku ga yadda yake ɗaga wuya yana leƙen layin bara, yana kiran ƙannensa su zo su gani. In shekara ta zagayo layin bai motsa ba, ko yaro yana ramewa, a kai shi asibiti a duba. Daga nan a ciro katin rigakafi a ga ko akwai wadda aka tsallake. Uba ya dafa kansa ya sa masa albarka. Yaro ba ya manta irin wannan.

Girman da ake aunawa a bango, abinci da barci ne ke kawo shi, wasa kuma yana ƙarfafa jikin. Sau da yawa mukan ɗauki wasa a matsayin shashanci, da mun ga yaro ya dawo da ƙura sai faɗa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana bukatar aƙalla minti 60 kowace rana yana motsa jiki sosai, irin wanda zai sa shi haki. Ɗan shekara 3 zuwa 4 kuwa minti 180, a rarrabe cikin yini. Ta kuma ce kada a zaunar da ɗan ƙasa da shekara 2 gaban waya ko talabijin. Ku duba gidajenmu yanzu, da yaro ya fara rigima sai a miƙa masa waya don a huta.

Ba mu rasa wasanni ba. Akwai langa, inda yaro ke riƙe ƙafa ɗaya da hannu yana tsalle da ɗayar. Akwai kokawa a kan yashi, da ɓuya, da 'yar gala-gala, da carafke, da gaɗa a dandali in wata ya yi fari. 'Yan mata ma jikinsu yana bukatar gudu da tsalle, kada aike da wanke-wanke su cinye musu yini duka. Ƙwallo kuwa ba sai ta kanti ba. Ku leƙa lungu bayan la'asar: an cusa tsumma a leda an ɗaure da igiya, silifa biyu nan, biyu can, an yi raga ke nan, ƙaramin cikinsu shi ne gola ko yana so ko ba ya so. Aikin babba a nan shi ne ya zaga filin ya kwashe fasasshiyar kwalba da ƙusa, ya hana wasa a bakin titi, ya hana wasa da tsakar rana, ya tanadi ruwan sha. In an ji ciwo, a wanke da ruwa mai tsabta da sabulu a rufe. Kada a zuba ƙasa, toka ko baƙin mai. In ƙusa ce ta soki yaro, ko ya bugu a kai ya yi amai ko ya suma, asibiti kai tsaye.

Ga masu ɗan da ya nace wa ƙwallo, takardar haihuwar nan tana jiransa a gaba. Najeriya ta ci kofin duniya na matasa sau biyar, a 1985 da 1993 da 2007 da 2013 da 2015. Gasar ta 'yan ƙasa da shekara 17 ce a yanzu, kuma tun 2009, shekarar da aka buga ta a Najeriya, ake ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannun 'yan wasa don tantance shekarunsu. Ahmed Musa, wanda aka haifa a Jos a 1992, ya buga wa Kano Pillars kafin ya tafi Turai, ya ci Ajantina ƙwallo biyu a kofin duniya na 2014. Ba kowane yaro ne zai kai can ba, kuma ƙwallo ba ta hana zuwa makaranta. Amma kada a rage wa yaro shekaru ko a ƙara masa a takarda, wata rana shi zai sha kunyar.

Aikin aji: An haifi yarinya ranar 12/3/2019. Shekararta nawa ranar 12/3/2025? Ta isa shiga firamare? An haifi jariri ranar 5 ga Janairu, a wane wata zai cika wata 9?

Aikin gida: Ku ja layi uku a sabon shafi, ɗaya na suna, ɗaya na ranar haihuwa, ɗaya na wasan da yaro ya fi so. Ku rubuta 'ya'yanku duka, daga babba zuwa auta. Wanda ba ku tuna ranarsa ba, ku duba katin asibiti, ko ku tambayi unguwarzoma da kakarsa. Layi na uku kuwa kada ku cike shi da ka, ku kira yaron ku tambaye shi. Ku zo da shafin aji mako mai zuwa.