Yadda za ka auna ko faɗan da yaronka ke kallo yana shiga jikinsa

Da zarar yaro ya kai wa ƙaninsa naushi sai ka ji an ce ai fim ne, ai gem ne. Ba mamaki haka ne, amma kafin ka ƙwace waya ka tsaya ka bi abin a hankali, don masana sun kusa shekara ɗari suna ja-in-ja a kan maganar nan kuma abin da suka gano zai yi maka amfani.

Da farko ka cire tunanin cewa abin kallo kamar allura yake, da an tsira shi ke nan ya bi jini. Haka aka ɗauka wajen shekarun 1930 lokacin da rediyo da silima ke tashe, sai masanin zamantakewa Paul Lazarsfeld da abokan aikinsa suka bibiyi zaɓen Amurka na 1940 suka ga ashe mutane sun fi ɗaukar ra'ayi daga bakin waɗanda suka yarda da su. A gidanka kai ne wanda aka yarda da shi ɗin, don haka ka zauna ku kalla tare, ko na minti 20 ne.

Idan kun zauna, kar ka tsaya ƙirga naushi, ka lura da yadda mai dukan ya ƙare, nan ne gizo ke saƙar. A 1961 Albert Bandura na jami'ar Stanford ya sa ƙananan yara suka kalli wani babba yana jibgar wata 'yar tsana ta roba mai suna Bobo, da aka bar su da ita sai suka hau jibgarta su ma. Daga baya ya nuna wa wasu yaran irin wannan a fim, waɗanda suka ga an hukunta mai dukan ba su kwaikwaya sosai ba, amma fa da aka yi musu alkawarin tukwici sai ga shi sun maimaita abin tsaf, wato sun koya sarai, aikatawa ce kawai suka ja baya da ita saboda sun ga sakamako. Shi ya sa fim ɗin da jarumi ke kashe mutane ana tafa masa, babu kuka babu jinya, ya fi tayar min da hankali a kan wanda ya nuna ɓarnar ƙarara. Ka tambayi yaron, wannan da aka buge yana da uwa kuwa? Ka saurari amsarsa da kyau.

Sai kuma ka duba tsawon lokacin da yake ɗauka. Masanin harkar sadarwa George Gerbner a shekarun 1970 ya lura masu yawan kallon talabijin suna ganin duniya ta fi yadda take haɗari. To ba duka kaɗai za ka nema ba, ka duba tsoro, mugun mafarki, rashin yarda da mutane, ko kuma akasin haka, ya ga jini ko gezau.

Masu cewa a bar shi ya huce haushinsa a gem kuwa, bincike bai goyi bayansu ba.

Amma kar ka zarce. Ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka a 2015 ta ce akwai alaƙa tsakanin gem na faɗa da ƙaruwar zafin kai, sannan ta ce babu isasshiyar hujjar da za ta haɗa shi da aikata manyan laifuka. Kotun ƙolin Amurka ma a 2011 ta soke dokar jihar Kalifoniya da ta hana sayar wa yara irin waɗannan gem ɗin. Ga kuma tambayar da ake yawan tsallakewa, kallon ne ya sa yaron zafi, ko dama mai zafi ne shi ya sa yake neman irin wannan kallon?

Don haka ka waiwaya gida. Ana dukansa? Ana faɗa a gabansa? Ana cin zalinsa a makaranta? Yana samun barci? Idan ka rage masa kallon na sati biyu ko uku halin bai sauya ba, ka nemi malaminsa ku zauna, in abin ya ci gaba ku ga likitan yara.