Yadda ake shirya darasin Python a ɗakin kwamfutar da ba intanet

Malamin da ke koyar da rubuta manhaja a Sakkwato, ko a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ne ko a wata kwaleji cikin gari, ya san yadda awa biyu ke salwanta: ɗalibai sun zauna, kowa na son sauke pandas da numpy, ƙunsoshin Python na sarrafa bayanai da lissafi, sabis na ja da ƙyar, wasu kuma datarsu ta ƙare. Maganin shi ne ka sauke komai sau ɗaya, kai kaɗai, tun kafin ranar darasi.

Fara da leƙa ɗakin da kanka. Duba wace Windows ce a kwamfutocin, mai bit 64 ce ko 32, sannan ka tsayar da sigar Python guda ga kowa, misali 3.12. A nan ne aikin ke gyaruwa ko ya lalace, domin ƙunshin numpy da aka gina wa 3.12 ba ya shiga 3.10, na Windows kuma ba ya shiga Linux. Ɗalibin da ya zo da laftof ɗinsa, shi ma ya bi sigar aji.

Daga nan ka nemi inda sabis ke da ƙarfi, a kan kwamfuta irin ta ɗakin. Sauke fayil ɗin girka Python daga python.org. Buɗe keɓantaccen wurin aiki da umarnin python -m venv darasi, ka kunna shi, ka girka abin da kwas ɗin ke buƙata kaɗai. Gudanar da duk atisayen zangon a ciki. Idan sun tafi lafiya, sai ka rubuta:

pip freeze > requirements.txt

pip download -r requirements.txt -d kaya

Na farko yana rubuta sunan kowane ƙunshi da lambar sigarsa, na biyu yana tara su cikin folda mai suna kaya. Kada ka raina wannan ƙaramin fayil na requirements.txt. Da NumPy 2.0 ya fito a 2024 an cire wasu tsofaffin sunaye, wasu manhajojin da ke aiki jiya suka tsaya. Mai bincike da zai koma kan lissafinsa bayan shekara biyu, ko ɗalibin digiri na biyu da zai kare aikinsa gaban malamai, wannan fayil ne zai dawo masa da yanayin da ya samu sakamakonsa. A ganina bai kamata a karɓi aikin ɗalibi ba tare da shi ba.

Ranar darasi, kowace kwamfuta ta girka Python, a sa alamar ƙara shi cikin PATH, wato jerin wuraren da kwamfuta ke neman umarni, a kwafi foldar kaya da fayil ɗin requirements.txt, sannan:

pip install --no-index --find-links=kaya -r requirements.txt

Ko ƙwayar data ba za ta taɓu ba. Jupyter ma, wato manhajar rubuta Python da gwada shi, a cikin kwamfutar yake gudana ko da yake a burauza yake buɗewa, muddin ka sa shi cikin kayan.

Sai batun rabo. Filas ɗin da ya zaga kwamfutoci da yawa yakan dawo da cutar da ke ɓoye fayiloli, shi ya sa na fi son ƙaramar na'urar wayfai ko da ba layi a cikinta. Dunƙule kayan su zama zip guda, ka shiga foldar da zip ɗin ke ciki a laftof ɗinka ka rubuta python -m http.server 8000, ka rubuta adireshin kwamfutarka a allo, ɗalibai su ɗauka ta burauza. Haɗa musu da littafin bayanin Python, wanda docs.python.org ke bayarwa a sauke, don su saba neman amsa da kansu.

Laftof ɗin da ke rabon ya kasance cike da caji, na'urar wayfai kuma a kan batir, saboda ɗaukewar wuta. A zafin Afrilu, lokacin da ake haura digiri 40, ɗaga laftof ɗin daga kan tebur iska ta ratsa ƙasansa, in ba haka ba, zai iya kashe kansa ana tsakiyar rabo.