Yadda ake kwanan tanti da iyali a bakin tafki a gandun shakatawa na jiha

Abu na farko da ke kayar da mutane ba sauro ba ne, ba sanyi ba ne, wurin kafa tantin ne. A Amurka kowace jiha ita ke kula da nata gandayen shakatawa, kuma filayen da ke bakin ruwa tun kafin bazara ake wawashe su, musamman daga ƙarshen watan Mayu zuwa farkon Satumba lokacin da yara ke hutu. A Minesota misali, kwana 120 kafin ranar zuwanka ake buɗe maka damar kama wuri ta intanet, to idan ka zauna sai ana saura sati biyu, abin da za ka samu shi ne filin da ke jingine da banɗaki, duk dare ƙofa na bugawa. Ka buɗe taswirar wurin ka duba da kyau. Ni dai shawarata, mai ƙananan yara kada ya ɗauki filin da ke daf da ruwa duk kyansa a hoto, ya ɗan ja baya, inda sai an yi tafiyar minti uku zuwa biyar kafin a kai gaɓa, saboda yaro ɗan shekara uku kafin ka juya ka ɗauko cokali ya kai bakin ruwa. Kuma a jihohi da yawa kuɗin shigar mota daban, kuɗin kwana daban.

In ka samu dama ka fara da irin gandun Itasca da ke jihar Minesota, wanda aka kafa tun 1891, nan ne kogin Misisifi yake farowa daga tafki, ƙaramin ruwa ne da yara ke tsallakewa a kan duwatsu suna ihu.

Kaya kuwa kada ka cika mota da tarkace. Tanti, ka gwada kafa shi a gida tukuna, wallahi ba abin da ke kawo faɗan miji da mata kamar kafa sabon tanti da magariba ana neman sanda ɗaya da ta ɓata. In an rubuta na mutum huɗu ne to ka ɗauka na uku ne. Leda mai kauri a ƙasa, katifar iska ko tabarmar soso, bargo fiye da yadda kake zato, domin bakin ruwa da asuba sanyi ne ko da rana ta yi zafi. Tocila kowa da tasa, ta goshi ta fi. Kula mai ƙanƙara, risho na gas, bokiti, man sauro mai sinadarin korar ƙwari da ake kira DEET, shi ke nan.

Itacen wuta kada ka taho da shi daga gida. Wannan doka ce da gaske, ba tsegumi ba. Akwai wani ƙwaro da aka gano a Mishigan a 2002 da ya kashe bishiyoyi miliyoyi, kuma a cikin itacen wuta yake bin mutane daga gari zuwa gari, shi ya sa ake cewa ka saya a wurin ko kusa da shi. Wuta a cikin zoben ƙarfen da aka tanada kawai, in za a kwanta ka kwara ruwa, ka juya tokar da sanda, ka sake kwarawa, har sai ka kai bayan hannunka kusa ka ji babu ɗumi. Risho ko gawayi kuma ba a shiga da su cikin tanti ko ana ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, iskar da suke fitarwa ba ta da wari kuma tana kisa cikin barci.

Ruwan nan shi ne daɗin tafiyar kuma shi ne abin tsoronta. Yawancin wuraren wanka babu mai gadin ceto, kai ne mai gadin. Mu abin da muke yi, babba ɗaya ya ajiye waya ya zuba ido, bayan minti goma sha biyar wani ya karɓe shi, don in kowa ya ce ai wane yana kallo to ba mai kallo. Yaron da ruwa ke ci ba ya ihu, shiru yake nutsewa. Rigar ceto ta zama daidai jikinsa, ka kama kafaɗunta ka ɗaga, in ta haye kunnensa ta yi yawa. A kwale-kwale dokar tarayya ta ce ƙasa da shekara 13 sai da ita, sai dai in jihar tana da nata ƙa'idar, don haka ka karanta allon da ke bakin ruwa. In ka ga ruwan ya yi kore kamar an zuba fenti, kada kowa ya shiga. In aka yi tsawa kowa ya fito ya shiga mota, tanti ba mafaka ba ne, sai an yi minti 30 ba a ƙara jin ta ba.

Kamun kifi yana buƙatar lasisi ga babba, yara ƙasa da 16 a jihohi da dama ba sa buƙata.

Sai dare. Ƙarfe goma galibi ake so a yi tsit, maƙwabcinka zane ne kawai tsakaninku. Abinci duk a kulle a mota, ko biskit ɗaya kada ya kwana a tanti. Mun taɓa barin kula a kan teburi, cikin dare na ji ƙwaram, na haska tocila sai ga wannan dabbar mai baƙin zane a ido da ake kira rakun, ta buɗe murfin da hannunta kamar mutum, ta riƙe burodinmu tana kallona ko gezau. Inda akwai beyar, wata ƙatuwar dabbar daji mai haɗari, kuwa maganar ta wuce wasa, ka bi abin da ma'aikatan wurin suka ce.

Kafin a kwanta ka duba jikin yara saboda kaska, bayan kunne, hammata, bayan gwiwa, cikin gashi. Wasu ƙanana ne kamar ɗigon biro kuma suna ɗauke da cutar Layim. In ka ga ta maƙale ka sa hantsaki ka kama ta daf da fata ka ja a hankali a miƙe, ka wanke wurin da sabulu, ka rubuta ranar, in zazzaɓi ko jan zobe ya biyo baya sai asibiti.