Kurakuran da Masu Tara Tsoffin Farantan Tangaran na Japan Suka Fi Yi

Kuskuren da ya fi cin kuɗin mutane shi ne gaskata tambarin da ke gindin faranti. Mutum zai juya faranti ya ga rubutun Sinanci, sai ya ɗauka ya yi tsintuwa. Alhali maginan Arita, garin da aka fara yin farin tangaran a Japan wajajen 1616, sun daɗe suna rubuta sunayen sarakunan daular Ming ta ƙasar Sin a kayansu, musamman na Chenghua. Rubutun ba ya nuna shekarun faranti, ba ya ma nuna ƙasar da aka yi shi.

Haka kalmar "Nippon", wato sunan Japan a harshen Japanawa. Wata dokar Amurka ta 1890 ce ta tilasta a riƙa rubuta ƙasar da kaya suka fito a jikin kayan da ake shigarwa Amurka, shi ya sa wannan kalma ta yawaita daga 1891 zuwa 1921, kafin a koma rubuta "Japan". Idan ka ga "Made in Occupied Japan" kuwa, kayan bayan Yaƙin Duniya na Biyu ne, bai wuce 1952 ba. Duk wanda ya ce maka irin wannan ya kai shekara ɗari uku, ka riƙe kuɗinka. Kuma shi kansa tambarin Nippon ana yin jabunsa.

Gyaran shi ne ka sa ido da yatsa. Shafa gindin. A tsofaffin farantan Arita sau da yawa za ka ji wasu 'yan ɗigo masu kaushi, uku ko biyar, sawun ƙananan madogaran da aka tallafe farantin da su a cikin wuta don kada tsakiyarsa ta lotsa. Ni dai wannan sawu ya fi mini kowane tambari daraja. Sai ka dubi zanen a hasken rana: shuɗin da aka ja da hannu yakan yi duhu a nan, ya yi haske can, amma na bugawa fure ɗaya ne yake ta maimaita kansa ba bambanci.

Akwai kuma rikita sunaye. Imari sunan tashar jirgin ruwan da a da ake fitar da kayan Arita ne, daga nan wani salon faranti ya samo sunan, kuma Sinawa da Turawa duk sun kwaikwayi salonsa na shuɗi da ja da ruwan zinare. Satsuma kuwa wani nau'in kayan yumɓu ne na Japan, ba farin tangaran ba ne. Launinsa kamar hauren giwa, fuskarsa cike da siraran tsage-tsage, kuma haka aka yi shi, ba lalacewa ba ce.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne ɓarnar da ake yi a gida bayan an saya. A goge faranti da soson ƙarfe ko a jiƙa shi a bilic, ruwan zinaren da ya yi shekara ɗari yana ƙyalli ya tafi cikin minti biyu. Ruwa mai ɗumi-ɗumi da tsumma mai laushi sun wadatar. Marataya ta waya ma tana ɓantare baki, gara a jingina shi a mazaunin katako.

Kafin ka biya, ɗora farantin a kan yatsu ka ɗan ƙwanƙwasa. Lafiyayyen farin tangaran zai yi ƙara kamar ƙararrawa, mai ɓoyayyen tsagu kuwa muryarsa a dakushe take. In ya fashe a hannunka, kada ka taɓa shi da gam ɗin kanti. Tattara gutsattsarin, ka naɗe kowanne daban a takarda, ka kai wa mai gyaran da ya san aikin.