Yadda ake ɗaura batirin gel a mota da yadda ake cajinsa

Abin da ya fi kashe batirin gel shi ne caji mai ƙarfi. A cikinsa an gauraya ruwan batir da silika har ya kafe kamar kunun da ya kwana, shi ya sa ba a buɗe shi, ba a ƙara masa ruwa. Wuta ta yi masa yawa, sai iska ta huda ramuka a cikin gel ɗin, kuma ramukan ba sa cikewa har abada.

Da farko ka tabbatar gel ɗin ka saya. A Sabon Gari ko Ƙofar Ruwa, kusan duk batirin da ba shi da murfin zuba ruwa gel ake ce masa, alhali da yawa AGM ne, wani nau'in rufaffen batir da ruwansa ke jiƙe a cikin zaren gilashi. Karanta jikinsa, kamfani kan rubuta iyakar wutar cajinsa a gefe, kuma wannan lambar ita ce alƙali.

Na biyu, kafin a kwance ko ƙusa ɗaya, a auna altaneta, na'urar da ke cajin batir idan inji na aiki. Ka ta da mota, wani ya ɗan taka totur, kai ko mai wayarin ku ɗora mita a kan kawunan batir. Yawancin batiran gel masu volt 12 suna son caji tsakanin 14.1 da 14.4, wasu motocin kuwa har 14.7 suke bayarwa. To ga inda zancen yake: waɗannan lambobi na yanayin digiri 25 ne. Duk digiri ɗaya da ya ƙaru ana rage kusan volt 0.03. A Afrilun Kano, da zafi ke kai 40, abin da ya dace ya sauko da kusan volt 0.45 ke nan. Wutar da ba ta da laifi a lokacin hunturu ita ce za ta dafa batir a bazara.

Saboda haka ni ban ga hikimar sa gel a ƙarƙashin bonet kusa da inji ba. A bar batirin ruwa ya ci gaba da ta da mota. Gel ya zama na biyu, a but ko ƙarƙashin kujera, ya riƙe firji, inbata ko lasifikar masu talla. A ɗaure shi tamau saboda ramukan titi, a bar masa hanyar iska.

Sai haɗa wayoyi. Kashe mota, zare makulli, cire zobe da agogo. Fara kwance baƙar waya, mai alamar ragi, don ko sufana ta taɓa ƙarfen mota kada wuta ta tashi. Jar wayar da za ta tafi batir na biyu ta kasance mai kauri, a sa mata fis dab da kan kowane batir, kada ya wuce taƙi ɗaya. Kada a haɗa gel da batirin ruwa kai tsaye. A sa caja ta DC-DC, wadda ke daidaita wutar mota kafin ta shiga batir na biyu, a tsakaninsu, a saita ta a kan gel. Baƙar waya ita ce ta ƙarshe wajen mayarwa.

Cajin gida ma da ƙa'idarsa. Batir mai 100Ah, amfiya 10 zuwa 20 sun ishe shi, in ya cika caja ta sauka zuwa volt 13.5 ko 13.8. In cajarka tana da maɓallin equalize, kada ka kusance shi, na batirin ruwa ne. Haka kuma kada ka kai shi wurin mai cajin bakin titi da ke jera batura a kan babbar caja guda, sai in ya nuna maka mita.

Bayan caji a bar shi ya huta na 'yan awoyi sannan a auna. Ka ga 12.8 ko sama, ya cika. Ya sauka wajen 12.2, ya ci rabi, a mayar da shi caji a ranar, kada ya kwana a haka.