Yadda Na Gyara Harsashin Da Ke Faɗawa A Karkace

Na ɗura wa bindigata mai cin harsashin .223 Remington kan harsashi mai nauyin giren 69 (giren ma'aunin nauyin harsashi ne), ina zaton nauyi zai taimaka a cikin iska. Da na duba takardar saiti a yadi 100, sai ga ramukan dogaye kamar kafar makulli. Harsashin a karkace yake shiga.

Na daɗe ina zargin albarushi, ashe murɗin cikin bututu ne, wato tsagin da ke murɗe a cikin bututun bindiga, mai sa harsashi juyawa don ya tafi a miƙe. Na matse tsumma a sandar goge bindiga, na yi mata alama, na tura a hankali: sai da ta yi inci 12 kafin ta zagayo sau ɗaya. Wannan murɗin ba ya iya daidaita dogon harsashi, irin nawa yana son zagaye ɗaya a inci 9 ko 8.

Na koma giren 55, na fara daga mafi ƙarancin awon albarushin da littafin ɗurin harsashi ya bayar. Ramukan suka fito a zagaye, kusa da juna.