Ga masu fama da kumburin cikin jiki: a ƙara wake da ganye

Assalamu alaikum 'yan uwa na Garwa da Marwa. Akwai kumburin da ido ba ya gani, yana cin jiki a hankali, kuma yana da hannu a ciwon suga da na zuciya. A asibiti ana auna shi da gwajin jini na CRP, sinadarin da hanta ke fitarwa.

Shawarata, mu koma wa wake, gero da dawa, kada a surfe su fes. Dusar nan da muke ba tumaki, ita ƙwayoyin halitta masu amfani a hanjinmu ke ci, sai su samar da sinadaran da ke ƙarfafa bangon hanji, su kwantar da garkuwar jiki. Miyar zogale, yakuwa, kuka ko tafasa kada ta yanke a gida. Zoɓo ma yana da kyau, amma don Allah a rage sukari, haka man suya da aka maimaita.

Ban ce a bar kifi, ƙwai da nono ba, domin tsirrai ba sa ba da bitamin B12. Wanda likita ya ɗora a kan magani ya ci gaba da shan abinsa.